Archicad, Revit ko AutoCAD: Wanne Ya Fi Riƙe Zanen Bene Idan Hawa Ya Ƙaru?

Duk wanda ya zaga unguwannin Garwa, Marwa ko Ngaundere zai ga gidaje da shaguna da aka zuba musu dal, wato shimfiɗar kankare ta sama, aka bar ƙarafan ginshiƙai a tsaye suna jiran ranar da mai gida zai samu halin ɗora wani hawa. Wannan ɗabi'a ta gini daki-daki ita ce ya kamata ofishin zane ya sa a gaba lokacin zaɓen manhajar aiki, domin zanen bene a wajenmu ba ya ƙarewa ranar da aka miƙa shi. Ginin da aka nema wa izini a matsayin R+2, wato ƙasa da hawa biyu a samanta, yakan dawo teburin mai zane bayan wasu shekaru ana so ya zama R+4, ko kuma tun ana tsakiyar aiki Alhaji ya ce a mayar da ƙasa shaguna, a ɗaga gidajen haya sama. A irin wannan rana kyawun hoton da manhaja ke fitarwa ba ya amfanar kowa. Abin da ake bukata shi ne a san inda kowane zane yake, da wanda ya canza, da wanda aka manta.

A Archicad da Revit gini guda ɗaya ake ginawa cikin kwamfuta, da bangonsa da dal ɗinsa da matakalarsa, sannan kowane zanen da za a buga wata hanya ce ta kallon wannan gini: a yanke shi a kwance a wani tsayi, a ɓoye wasu abubuwa, a bayyana wasu, a sa masa ma'auni. Wannan kallo da aka ajiye tare da saitinsa shi ne mahanga, kuma yawansu yana hauhawa fiye da yadda mutum yake zato. Ginin R+4 yana da matakai bakwai idan aka haɗa da harsashi da rufi. Kowane mataki yana bukatar pilan na aikin yau da kullum, da wanda ake nuna wa mai gida da kujeru da gadaje a ciki, da na neman izinin gini a ma'aunin 1/100 wanda za a kai wa magajin gari kamar yadda dokar tsara birane ta Kamaru mai lamba 2004/003 ta 21 ga Afrilu 2004 ta tanada, da na shantiye, wato filin gini, a 1/50, da na lantarki, da na famfo. Bakwai sau shida arba'in da biyu ke nan, ba a kai ga zanen yanka da na fuskokin gini da na bayanin matakala ba.

AutoCAD, wanda kamfanin Autodesk ya fitar tun 1982, shi ne har yanzu a hannun yawancin masu zane da injiniyoyi, kuma ba ya bukatar dogon bayani. Ba shi da masaniya cewa akwai wani abu wai shi hawa. Ana shimfiɗa pilan na kowane hawa kusa da ɗan'uwansa kamar tabarmi a tsakar gida, ko a ba kowane hawa fayil nasa a janyo su cikin fayil guda ta hanyar haɗin da ake kira xref, wanda shi ne tsari mafi tsafta. Idan aka matsar da ginshiƙi ɗaya, sai mai zane ya bi kowane hawa da kowane zanen yanka ya gyara da hannunsa, kuma duk wanda ya tsallake babu abin da zai tuna masa. Ga gida mai hawa ɗaya a kan ƙasa, ko ga zanen ƙarafa da injiniya zai yi, wannan ya wadatar, kuma kwamfuta mai rauni ma tana ɗaukarsa. Daga R+3 zuwa sama kuwa, tsarin aikin gaba ɗaya yana zaune ne a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, ranar da ya yi tafiya ko ya bar ofis sai a rasa bakin zaren.

Ainihin zaɓin yana tsakanin sauran biyun ne. Archicad na kamfanin Graphisoft ne da aka kafa a Budapest a 1982, wanda rukunin Nemetschek na Jamus ya saya a 2007. Revit ya fito a Amurka a shekarar 2000, Autodesk ya saye shi a 2002. Dukansu suna fitar da pilan da zanen yanka daga samfuri guda, amma sun sha bamban a kan inda suke ajiye ƙa'idar kowace mahanga, kuma daga nan ne kusan duk sauran bambancin ya taso.

A Archicad gini jerin hawa ne da aka ɗora bisa juna, kowane hawa da tsayinsa zuwa na gaba. Tagar kewaya aiki ta kasu huɗu: taswirar aiki inda ainihin hawa da yanka suke, taswirar mahangai inda ake ajiye kallo da saitinsa, kundin shafukan bugawa, da sashen fitar da fayiloli. Kowace mahanga da aka ajiye tana riƙe da haɗin kalk ɗin da za a nuna, wato rukunonin da ake raba abubuwan zane a cikinsu don a nuna su ko a ɓoye, da ma'auni, da jerin alƙaluma masu kauri da launi, da tsayin yanka, da matatar da ke raba tsohon gini da sabo. Babban makamin Archicad a nan shi ne jaka mai bin sahu. Ana kwaikwayo jakar hawa gaba ɗaya daga taswirar aiki, a ba ta saiti sau ɗaya, misali na izinin gini a 1/100, daga nan duk hawan da aka ƙara a ginin zai bayyana a cikinta da kansa ɗauke da wannan saiti. Ofishin da ya kafa irin waɗannan jakunkuna shida, ranar da aka ƙara hawa na huɗu zai tarar da sababbin mahangai shida suna jiransa, sai dai ya ɗora su a shafi da hannu. Idan kuma hawan a tsakiya aka cusa shi, na sama suna ɗagawa gaba ɗaya saboda tsayin kowanne a kan na ƙasa yake.

Revit ba ya tunani da jaka. Abin da yake da shi layukan nibo ne, wato masu nuna tsayin kowane mataki, da ake ja a zanen fuska ko na yanka, kuma kowane pilan yana ɗaure da nibo ɗaya wanda ba a iya sauya masa bayan an ƙirƙire shi. Ƙa'idar kallo tana cikin gabarin mahanga, wato saitin da aka ajiye don a liƙa wa mahangai da yawa, wanda idan aka liƙa wa pilan ashirin, aka gyara shi wuri ɗaya, duka ashirin ɗin sun gyaru, kuma yana kulle saitin har ma'aikaci ba zai iya taɓa shi da kuskure ba. Jakunkunan da ake gani a bishiyar aiki ba na gaskiya ba ne, ba a jan mahanga a jefa ta ciki. Manhajar ce take tara mahangai bisa bayanin da aka rubuta a jikinsu, don haka ofis yakan ƙirƙiri gurbin bayani nasa, misali matakin aiki da nau'in zane, ya ce a jera da su. Mahangar da aka manta ba a cike mata gurbi ba takan faɗa ƙarƙashin wata jaka mai alamar tambaya uku, kuma wanda ya buɗe fayil ɗin ofis ya ga wannan jaka ta cika ya san yadda ake aiki a wurin. Maganinsa shi ne a sa gabarin ya ɗauki wannan bayani, ta yadda da zarar an liƙa shi mahanga ta tafi mazauninta.

Idan aka zo ƙara hawa, Revit ya fi neman hannu. Nibon da aka kwafa daga wani ba ya zuwa da pilan, ana gane shi da baƙin kai maimakon shuɗi, sai an je an ƙirƙira masa pilan na kowane nau'i. Idan a tsakiya za a cusa hawa, sai an ɗaga layukan sama da kai, bangaye da ginshiƙan da aka ɗaure da su ne kaɗai za su bi. Aikin ba mai tsawo ba ne ga wanda ya shirya nau'o'in pilan ɗinsa kowanne da gabarinsa tun farko, amma babu abin da zai faru da kansa, kuma nau'in da aka manta ba zai yi ƙorafi ba. A wannan gwaji, wanda shi ne ya fi yawan faruwa a ayyukanmu, Archicad ya yi gaba.

Akwai wani bambanci da masu sauya manhaja ba sa lura da shi sai sun yi ɓarna, shi ne mazaunin rubutu da alƙaluman awo. A Archicad, awon da aka rubuta a kan pilan na hawa na biyu mallakin hawan ne, kuma zai fito a duk mahangar da ke kallon wannan hawa sai an ɓoye kalk ɗinsa. Ma'anar wannan ita ce dole a ware kalk na awon 1/100 daban da na 1/50, na rubutun lantarki daban da na famfo, sannan duk lokacin da aka ƙirƙiri sabon kalk a bi kowane haɗi a faɗa masa ko ya nuna shi ko ya ɓoye. Wanda ya yi sakaci da wannan zai buga pilan na izini ya tarar da alamun soket da makunnin fitila sun hau kan sunayen ɗakuna. Amfaninsa kuwa shi ne rubutu ɗaya yana yi wa zane da yawa hidima, gyara ɗaya ya isa. A Revit akasin haka ne: awo da rubutu mallakin mahangar da aka yi su a ciki ne, ba sa leƙawa ko'ina. Ba a bukatar tarin kalk, kuma zanen lantarki ba zai taɓa ƙazantar da na izini ba. Sai dai idan aka kwafi mahanga da kwafi zalla, za ta zo tsirara babu awo ko ɗaya, idan kuma aka kwafe ta tare da rubutunta, daga wannan lokaci kowace ta kama gabanta. Alƙaluman awo za su bi bango idan ya matsa, amma bayanin da aka rubuta da hannu, irin su nau'in tayil ko kaurin shafe, sai an gyara shi a kowace mahanga. A ganina tsarin Revit ya fi yafe wa sabon ma'aikaci, na Archicad kuma ya fi rage maimaici ga ofishin da ya riga ya yi wa kalk ɗinsa tarbiyya.

Jaka mai bin sahu tana da nata nauyin, domin ba ta zaɓe. Duk abin da aka kira hawa zai shiga cikinta, har harsashi zai samu pilan na kujeru da gadaje. Matsalar takan fito fili a gine-ginen kasuwanci inda ake yi wa shagunan ƙasa mezanin, wato ɗan ƙaramin bene a cikin shago, don ajiye kaya, ko ginin da rabinsa ya ɗara rabi da 'yan matakai saboda gangaren fili, abin da ba baƙo ba ne a Ngaundere. Idan aka mayar da mezanin cikakken hawa a Archicad, zai bayyana a kowace jaka, kuma bangayen ƙasa masu tsayi za su ratsa hawa biyu, sai an kula da yadda ake nuna su. Idan ba a mayar ba, sai a yi ta dabara da kalk da tsayin yanka. Revit ya fi sauƙi a nan, saboda ana iya jan nibo don aunawa kawai ba tare da pilan ba, a cire masa alamar cewa hawan gini ne, kuma ana iya ware wani yanki na pilan a ba shi tsayin yanka nasa daban da na sauran.

Haka nan a dogayen gine-gine, irin azuzuwan makaranta, ɗakunan kwanan ɗalibai ko rumfunan kasuwa. Takardar A1 tsawonta milimita 841 ne, wanda a ma'aunin 1/50 bai wuce mita 42 ba, kafin a cire gefe da kartush, wato akwatin da ke ɗauke da sunan zane da bayanansa. Ginin da ya kai mita 60 dole a raba kowane hawansa gida biyu. Revit yana da mahanga mai dogaro da uwa: ana yin awo da rubutu sau ɗaya, 'ya'yan suna nuna rabi-rabi, kuma akwatin iyaka guda yana tabbatar da cewa an yanke kowane hawa a wuri ɗaya. Dalilin wannan tsari shi ne a Revit pilan ɗaya ba ya hawa shafi biyu. Archicad bai da wannan takura, mahanga ɗaya tana iya zama a shafuka da yawa, kowane shafi a datse ta yadda ake so, wanda ya fi saurin farawa amma ya fi barin kofa ga rashin daidaito tsakanin hawa da hawa idan hannaye sun yi yawa.

Game da hawa masu kama da juna, kowace manhaja tana da hanyarta: Archicad yana ajiye hawan a matsayin modul da ake janyowa, Revit yana da rukuni ko fayil da aka haɗo. Ga ginin R+3 ko R+4 ban ga dalilin wahalar da kai da fayil na waje ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada shafi guda mai taken hawa na 1 zuwa na 3 ya yaudari kowa. Ɗakuna suna iya zama iri ɗaya alhali ginshiƙai sun rage kauri a sama, bututun ruwa ya canza girma, matakala ta ƙare a hawan ƙarshe. Shafi ɗaya ya isa a zanen da za a nuna wa mai gida, amma zanen shantiye kowane hawa a ba shi nasa, da lambar tsayinsa a rubuce.

Ko wace manhaja aka ɗauka, sai an yanke shawara a kan abin da zai zo farko a jerin: hawa ko matakin aiki. Masu farawa sukan buɗe jaka ga kowane hawa su zuba duk zanensa a ciki, saboda haka magini yake tunani, yana gama dal ɗaya ya hau na gaba. Amma ofis ba hawa-hawa yake miƙa aiki ba. Yana miƙa zanen share fage na APS, sannan cikakken zane na APD, sannan kundin neman izini, sannan kundin DCE da 'yan kwangila za su yi farashi a kansa, sannan zanen aiwatarwa. Saiti ma da nau'in zane yake tafiya, ba da hawa ba: duk pilan na lantarki iri ɗaya ake son su, daga ƙasa har rufi. Don haka matakin aiki a sama, nau'in zane a ƙarƙashinsa, hawa a ƙarshe, sannan a ware jaka ɗaya ta aikin yau da kullum wadda ba a ɗora komai daga cikinta a shafi. Wannan jeri shi ne jaka mai bin sahu take bayarwa ba tare da an roƙe ta ba. A Revit kuma ana iya ajiye jeri biyu a sauya tsakaninsu, a duba bisa hawa da safe, a koma bisa matakin aiki lokacin bugawa, ba tare da an motsa komai ba, har akwai jerin da ke nuna mahangan da ba su hau shafi ba tukuna. Wannan fa'ida ce ta gaske da Archicad bai da irinta.

Suna ma yana da nasa tarko. Kwamfuta da waya suna jera fayiloli bisa haruffa, don haka RDC, wato hawan ƙasa, yakan koma bayan R+1 da R+2, harsashi ya faɗa inda ba a zata ba. Lamba biyu a gaban suna tana warware wannan: 00 ga ƙasa, 01 ga hawa na ɗaya, haka har sama. Abin bai tsaya a ofis ba, domin yau yawancin zane ta WhatsApp yake isa hannun shugaban shantiye, wanda zai buɗe shi a waya cikin rana da ƙura, sunan fayil kaɗai yake gani kafin ya taɓa. Idan sunan bai faɗi hawa da nau'in zane da lambar gyara ba, tsohon pilan zai ci gaba da yawo bayan an canza shi. Sashen fitar da fayiloli na Archicad yana ajiye jerin shafuka da tsarin sunansu, a danna sau ɗaya ya fitar da PDF da DWG, wato fayil irin na AutoCAD, Revit kuma ya samu fitar da PDF na kansa daga sigar 2022. Yana da kyau a tsara shafi a A1 ta yadda zai karantu idan aka rage shi zuwa A3, tunda ragin rabi ne daidai, 1/50 ya koma 1/100, kuma A3 ita ce takardar da ake samun bugawa cikin sauƙi a kowane gari. Sai dai a sa ma'aunin da aka zana da layi a kartush, don kada wani ya ɗora rula a kan takardar da aka rage ya ɗauki rabin awo.

Ga ofis mai mutum biyu zuwa biyar da ke zana gidajen haya, shaguna da ƙananan otal daga R+1 zuwa R+4, inda injiniya yake karɓar DWG ya yi lissafinsa a gefe, Archicad nake ba da shawara, bisa sharaɗin a zauna a gina fayil na tushe mai haɗin kalk da jakunkuna masu bin sahu kafin a karɓi aiki na gaba. Yana kuma aiki a Mac da Windows, alhali Revit a Windows kaɗai yake. Ga ofishin da ke neman manyan kwangiloli, asibiti ko ginin ma'aikata a Njamena ko Garwa, inda injiniyan ƙarfe da na lantarki da na sanyaya ɗaki za su yi aiki a samfuri guda, ko inda ake lissafin ƙarfin gini da manhajar Robot wadda ita ma ta Autodesk ce, Revit ya fi dacewa, kuma kullen da gabari yake yi yana da daraja idan ma'aikata suna yawan shiga da fita. Wanda ma'aikatansa suka riga suka ƙware a ɗaya, ribar sauyawa zuwa ɗayan ba za ta biya watannin koyo ba.

Kafin a sa hannu da abokin aiki na Yawunde, Duwala ko ƙetare, a tambaye shi sigar da yake amfani da ita. Fayil ɗin Revit da aka ajiye a sabuwar siga ba ya buɗuwa a tsohuwa, kuma babu hanyar mayar da shi baya, yayin da Archicad yake iya ajiyewa zuwa siga ɗaya da ta gabata. Idan manhajojin sun bambanta, fayil na IFC, wanda manhajojin biyu suke iya karantawa, zai ɗauki bango da dal da jerin hawa zuwa ɗaya ɓangaren, amma ba zai ɗauki mahangai da awo da shafuka ba, kowane ofis sai ya gina nasa. Saboda haka abin da za a daidaita a zaman farko shi ne sunayen hawa, da tsayin kowanne, da inda sifili yake, da ko ana aunawa daga saman dal ne ko daga saman tayil, a rubuta su a takarda ɗaya kowa ya riƙe kwafi.